An ce ƙarfe ya taru wa 'yata a hanta, alhali jininta kullum ƙasa yake yi

Maman Ummi, Pantami:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Akwai abin da ya hana ni barci tun shekaranjiya. 'Yata Ummi shekararta 15, tana da sikila. Tun tana shekara 9 ake mata ƙarin jini, na ƙirga a katinta, leda 14 ke nan. Makon jiya likita ya sa aka yi mata wani gwaji da ba a taɓa yi mata ba, wai feritin, sakamako ya fito 1,850. Ya ce sinadarin ƙarfe ya yi mata yawa, yana taruwa a hanta, kuma in daina ba ta maganin ƙarin jini na kwalba da kakarta ke saya mata duk wata. Abin da ya ɗaure min kai, yarinyar da awon yawan jininta, PCV, ba ya wuce 22, cikin idonta fari fat, ta yaya ƙarfe zai yi mata yawa? Ba da shi ake yin jinin ba? Layi ya yi tsawo ranar, ban samu na tambaye shi da kyau ba.

Alhaji Bappa, Kumo:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni dai 'yata, maganar nan ba ta shiga kaina ba. Mutum yana fama da ƙarancin jini kuma a ce a hana shi abin da ke ƙara jini? Ki nemi wani likitan ya sake dubawa kafin ki yanke mata magani.

Likita A'isha:
Wa alaikumus salam Maman Ummi, sannu da ƙoƙari. Baba Alhaji, tambayarka tana kan hanya, kuma ita ce mafi yawan iyaye ke yi mana. Ƙarancin jini iri-iri ne. Akwai wanda ƙarfen ne ya yi kaɗan, kamar na mai ciki ko yaron da ba ya samun abinci mai kyau. Na mai sikila daban yake. Jar ƙwayar jinin mai lafiya tana yin kwana 120 kafin ta mutu, ta mai sikila kuwa kwana 10 zuwa 20 ta fashe. Wato ba yumɓu ne ya ƙare wa maginiya ba, tukwanen ne ke fashewa da wuri. Ƙara mata yumɓu ba zai hana fashewar ba.

Kuma idan ƙwayar ta mutu, jiki ba ya zubar da ƙarfenta. Akwai ƙwayoyi masu aikin shara a saifa da hanta, su ke cinye ta su adana ƙarfen don a sake ƙera wata. Babban mutum yana ɗauke da ƙarfe gram 3 zuwa 4 gaba ɗaya. Abin da hanji ke tsotsa daga abinci a rana miligiram 1 zuwa 2 ne kacal, abin da ke fita ta saɓar fata da hanji ma kusan haka. Jikin ɗan Adam ba shi da wata hanya ta musamman da yake fitar da rarar ƙarfe, ba ta fitsari ba, ba ta gumi ba. Leda ɗaya ta jini kuma tana ɗauke da kimanin miligiram 200 zuwa 250. Ku yi lissafin leda 14. Ko da wasu ba cikakkiyar leda aka sa mata ba saboda ƙanƙanta, abin da ya shiga ya kai gram 2 ko fiye, kuma yana nan a ciki.

Baban Khalifa, Dukku:
Innalillahi. Ni ina da kemis, kuma wallahi duk uwar da ta zo ta ce ɗanta mai sikila ne ya ɗashe, kwalbar ƙarin jini nake miƙa mata da zuciya ɗaya. Ban taɓa tambayar leda nawa aka sa wa yaro ba.

Sadiq, ɗalibi a Jami'ar Jihar Gombe:
Anti Likita, ki ba ni dama in sa baki, zangon da ya wuce muka karanta wannan, idan na kauce ki gyara min. Tun da jiki ba ya iya fitar da ƙarfe, dabararsa ita ce tsare ƙofar shiga, kuma hanta ce mai ba da umarni. Tana ƙera wani ɗan sinadarin saƙo mai suna hefsidin, wanda sai a 2000 zuwa 2001 masana suka gano shi. Ƙofar da ƙarfe ke bi daga hanji zuwa cikin jini sunanta ferofotin. A 2004 aka tabbatar cewa idan hefsidin ya dafe jikin ƙofar nan, sai ƙwayar halittar ta ja ta ciki ta narkar da ita. Hefsidin ya yi yawa, ƙofa ta rufe. Ya ragu, ƙofa ta buɗe.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda labari ke isa ga hanta. Kamar sha'anin sarauta ne. Ƙwayoyin da ke shimfiɗe a bangon ƙananan hanyoyin jini na cikin hanta su ne masu unguwa, su ke fara ganin ƙarfe ya ƙaru. Sai su aika ɗan saƙo mai suna BMP6. Shi ba ya shiga cikin ƙwayar hanta, a bakin zaure yake tsayawa ya ƙwanƙwasa wa masu karɓar saƙo da ke jikin bangonta. Su kuma su taɓa wasu sinadarai na ciki da ake kira SMAD 1, 5 da 8, waɗannan su ɗauki abokin tafiyarsu SMAD4, su wuce har fada, wato cibiyar ƙwayar inda kundin gado yake, su ce a ƙara buga hefsidin. Daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, zuwa sarki. Duk wanda ya yi barci a cikinsu, saƙo ya tsaya.

Likita A'isha:
Madalla Sadiq, ba ka kauce ba. Ƙarin da zan yi, ita ƙwayar hantar ma tana da nata masu leƙen asiri a jikin bangonta, HFE da TfR2, masu lura da yawan ƙarfen da ke yawo a jini a wannan lokacin. Wancan saƙon yana faɗin abin da ke ajiye, wannan yana faɗin abin da ke kan hanya.

Alhaji Bappa, Kumo:
Allah mai iko. To ai kun kawo min hujja da kanku. Idan hanta tana da fada da dogarai haka, me ya sa ta zuba ido har kaya ya yi wa yarinya yawa? Ko dai gwajin ne bai yi daidai ba?

Likita A'isha:
Ranka ya daɗe, a nan gizo ke saƙar. Dogaran suna tsaron ƙofar hanji ne. Jinin leda kuwa ta jijiya ake sa shi, ta kan katanga ya shigo gari, bai bi ta ƙofa ba. Hanta za ta ga ƙarfe ya ƙaru, za ta ɗaga murya, ƙofar hanji ta rufe, amma rufe ƙofa ba ya fitar da wanda ya riga ya shigo.

Sannan ba murya ɗaya hanta ke ji ba. Ɓargo, inda ake ƙera jini, yana ganin jinin yarinya ya yi ƙasa, sai ya aika nasa saƙon, sinadarin da aka gano a 2014 aka sa masa suna eritiroferon. Aikinsa ya tare BMP6 a hanya don kada saƙon rufe ƙofa ya isa, saboda shi ɓargo ƙarfe yake nema. Ga kuma murya ta uku: duk lokacin da zazzaɓi ko kumburi ya tashi, wani sinadari mai suna IL-6 yana bi ta tasa hanyar, STAT3, ya ce a ƙara hefsidin, a ɓoye ƙarfe kada ƙwayoyin cuta su samu abinci. Mai sikila yakan haɗa duka ukun a lokaci guda: ƙarfe na cewa a rufe, ɓargo na cewa a buɗe, kumburi na cewa a ɓoye. Saboda haka ba za a dogara da cewa hanta za ta tare duk abin da ke cikin kwalbar kaka ba. Wani abu zai wuce, ya hau kan tulin da ke nan.

Maman Ummi, Pantami:
Likita na fara ganewa. Amma me ƙarfen yake yi wa hantar? Ita ba ta taɓa cewa gefen cikinta na dama yana ciwo ba.

Likita A'isha:
Shi ya sa muke tsoronsa, ba ya sallama. Bari in ɗan tsawaita a nan domin shi ne zuciyar maganar.

Ƙarfe ba ya yawo shi kaɗai a cikin jinin mai lafiya. Akwai mai ɗaukarsa, tiransferin, kamar ɗan acaɓa ne mai wurin fasinja biyu, kuma a ƙa'ida kusan kashi ɗaya cikin uku na kujerun ne ke cike. A cikin ƙwaya kuma akwai rumbu, shi ne feritin, kowane ɗaya yana iya ɗaukar ƙwayar zarrar ƙarfe har 4,500. Muddin ƙarfe yana kan acaɓa ko cikin rumbu, ba shi da illa. Na jinin leda yakan fara zama a cikin ƙwayoyin sharar nan. Idan suka cika sai ya tumbatsa, kujerun acaɓa su ƙare, ya fara yawo a ƙasa ba mai riƙe da shi. Wannan sakakken ƙarfen hanta ce ke kwashe mafi yawansa, ta wata kafa mai suna ZIP14, kuma kafar nan ba ta rufewa don an ce gida ya cika.

Kun san abin da ke samun kwanon rufi idan damina ta daɗe tana dukansa. Irin wannan tsatsar ce ke faruwa a cikin ƙwaya. Wani Bature ɗan Ingila, Fenton, ya bayyana wannan haɗuwar sinadaran tun 1894. Sakakken ƙarfe yana haifar da wasu ɓurɓushi masu ƙuna da ke cin kitsen bangon ƙwaya, su lalata injinan da ke ba ta ƙarfi, su taɓa har kundin gado. Ƙwaya tana da nata mai kashe gobara, Nrf2, wanda kan tashi ya sa a ƙara rumbuna da sinadaran kariya. Yana ƙoƙari shekara da shekaru, amma idan wutar ta fi ƙarfinsa ƙwayar ta mutu. Irin wannan mutuwar ma a 2012 aka sa mata suna na kanta, ferotosis.

Daga nan saƙonni ke rikicewa. Ƙwayoyin shara na hanta, masu suna Kupffer, suna jin mutuwar maƙwabta sai su yi ta busa ƙahon gaggawa, su saki sinadaran kumburi da wani mai suna TGF-beta. Akwai wasu ƙwayoyi masu siffar tauraro da ke zaune lafiya suna ajiyar bitamin A. Da saƙon nan ya same su sai su bar ajiya su koma saƙar tabo. Tabo abu ne mai amfani idan rauni ɗaya ne ya warke. Amma ƙarfen bai tafi ba, ƙahon bai daina busawa ba, su ma ba su daina saƙa ba. A hankali naman hanta mai laushi ya koma mai tauri, jini ya kasa ratsawa, ciki ya fara tara ruwa. Hantar da ta ƙandare haka kuma ta fi saurin kamuwa da ciwon daji. Kafin a kai nan akan ɗauki shekaru, kuma a farkon hanya tabon yana iya raguwa idan aka sauke ƙarfen. Ummi shekararta 15, an gano da wuri, wannan abin godiya ne.

Anti Jummai ungozoma, Bajoga:
Ni fa ina da ja, kuma ba da wasa nake ba. Likita, a zauren nan akwai mata masu ciki da yawa da ba sa magana, karatu kawai suke. Gobe wata za ta zo awo ta ce min ta ji an ce jar ƙwayar maganin ƙarin jinin nan da muke ba su tana sa tsatsa a hanta, ta zubar da ita a masai. Da ma da ƙyar muke shawo kansu, wasu na cewa tana sa ɗa ya yi girma haihuwa ta yi wuya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 58 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini, yara 'yan ƙasa da shekara 5 kuma kashi 68. Na ga matar da ta zubar da jinin da bai kai ya kashe mutum ba wajen haihuwa, amma ya tafi da ita saboda da ma ba ta da shi. Matsalarmu a ƙauye rashin ƙarfe ce, ba yawansa ba. Don Allah a riƙa auna magana.

Likita A'isha:
Anti Jummai, gaskiyarki ce, kuma na gode da kika tsayar da ni. Mai ciki ta sha maganinta kamar yadda aka ba ta a awo. Jikinta yana buƙata, har hantarta kan rage hefsidin da kanta idan ciki ya tsufa don ƙofa ta buɗe sosai. Maganata a kan wanda aka yi wa ƙarin jini sau da yawa ne. Kai, ko mai sikilar da ba a cika sa masa jini ba yana iya samun ƙarancin ƙarfe na gaske, a ba shi magani. Gwaji ne ke raba gardama, ba farin ido ba.

Anti Jummai ungozoma, Bajoga:
Yauwa, haka nake so a faɗa ƙarara. Kuma tun da an zo nan, mata ku ɗaga ƙwayoyin nan sama inda hannun yaro ba ya kaiwa. Ja ce kamar alewa, yaro ƙarami ya haɗiyi da yawa a lokaci guda hantarsa na iya lalacewa cikin kwana biyu. In ya faru a ruga asibiti ko da ya ga kamar ya warware.

Malam Yunusa, ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ni inda nake da tambaya shi ne lambar nan, 1,850. Maman Ummi, lokacin da aka ɗebi jinin tana lafiya ko tana cikin ciwo? Domin feritin yana tashi da maleriya, yana tashi da ciwon ƙashin masu sikila, yana tashi idan hanta ta kumbura da kowane dalili. Na sha ganin sakamakon mutum ɗaya ya sauko sosai bayan ya warke. Bai kamata a gina hukunci a kan awo ɗaya ba.

Maman Ummi, Pantami:
Kwana biyar da sallamarmu aka yi, ciwon ƙafa ne ya kwantar da ita da zazzaɓi.

Malam Yunusa, ma'aikacin ɗakin gwaji:
To kin gani. Ni a ganina a jira ta yi makonni tana lafiya a sake.

Likita A'isha:
Na yarda a sake, Malam Yunusa, amma ban yarda a kwantar da hankali ba. Da leda biyu aka taɓa sa mata, da na ce zazzaɓin ne. Da leda 14 a baya, ko lambar ta sauko, zai yi wuya ta koma daidai. Abin da aka saba bi shi ne, idan feritin ya zauna sama da 1,000 a gwaji fiye da ɗaya ga wanda aka sa wa jini sau 10 zuwa 20, a fara maganar maganin cire ƙarfe. Wanda ya fi faɗin gaskiya shi ne hoton MRI na musamman da ke auna ƙarfen hanta kai tsaye, sai dai ba ko'ina ake yinsa ba, kuma da tsada.

Malam Yunusa, ma'aikacin ɗakin gwaji:
Ba mu saɓa sosai ba. Ni dai tsorona a ɗora wa iyaye magani mai tsada da ke taɓa ƙoda a kan lambar da aka ɗauka cikin zazzaɓi. Idan za a sake, a haɗa da gwajin aikin hanta da na ƙoda, da ciwon hanta nau'in B da C. Binciken ƙasa na 2018 ya samu nau'in B a jikin kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya. Ƙarfe da ƙwayar cutar nan idan suka haɗu a hanta ɗaya, tabon ya fi sauri.

Alhaji Bappa, Kumo:
Na sauko daga matsayina na farko, Allah ya saka da alheri. Amma ina da shawara. Tun da a cikin jini ƙarfen yake, me zai hana a kira wanzami ya yi mata ƙaho a rage shi?

Likita A'isha:
Baba, tunaninka ya yi daidai da wani magani na gaske, amma ba na Ummi ba. Akwai ciwon tara ƙarfe na gado da ya fi yawa a Turawan arewacin Turai, wanda aka gano ƙwayar gadonsa, HFE ɗin nan da na ambata, a 1996. Su hantarsu ba ta jin saƙon da kyau, hefsidin ya yi kaɗan, ƙofar hanji ta zauna a buɗe har tsufa. Jininsu cike yake, don haka maganinsu a riƙa ɗibar kusan rabin lita lokaci-lokaci. Ummi kuwa jininta 22 ne. A rage mata ko kaɗan, ana iya tayar mata da ciwo ko a jefa zuciyarta cikin wahala. Don Allah kada a yi mata ƙaho.

Baban Khalifa, Dukku:
Likita, shayi fa? Na taɓa jin yana hana ƙarfe shiga. Kuma ruwan burtsatsenmu yana barin ja a bokiti, shi ma yana da hannu?

Likita A'isha:
Shayi tare da abinci yana rage abin da hanji ke tsotsa, bitamin C kuma yana ƙarawa, amma babu ɗayansu da ke fitar da wanda ya taru. Na ruwan burtsatse ta ƙofar hanji yake bi, mai lafiya hantarsa na iya masa. Kada a hana ta nama ko ganye saboda wannan, yarinya ce mai girma.

Adda Hauwa, Jekadafari:
Maman Ummi, ni ce shaida. Shekarata 31 da sikila, an sa min jini ya fi sau 30 tun bayan da ɓarin jikina ya taɓa shanyewa ina yarinya. Ba wanda ya taɓa ce min ƙarfe na taruwa sai da na girma, lokacin an riga an ga alama a hantata. Na fara da allurar desferal, wadda ƙaramin inji ke turawa ƙarƙashin fata awa 8 zuwa 12 cikin dare, fitsari ya koma ja-ja, a nan ƙarfen ke fita. Wahala ce ƙwarai. Yanzu deferasirox nake sha, ana narka shi a ruwa da safe kafin a ci komai, kuma ana duba min ƙoda a kai a kai. Tsadarsa ba kaɗan ba, akwai watannin da na kasa saya na tsallake, feritin ya koma sama. Saukarsa a hankali take, ba wata ɗaya ba, ba biyu ba. Kada ki saya da kanki a kemis, da nauyin jiki ake auna shi. Kuma ki tambayi likitanta maganar hydroxyurea, ga mutane da yawa yana rage yawan ciwo da buƙatar jinin. Ki tambaya kuma ko ana musanyen jini, wanda ake cire nata a sa wani, shi ba ya tara ƙarfe kamar ƙari zalla.

Abu ɗaya nake roƙo, kada wannan ya sa ki ƙi jini ranar da aka ce tana buƙata. Ledojin nan su suka kawo ni yau da ikon Allah.

Maman Ummi, Pantami:
Adda Hauwa, kin sa ni hawaye, Allah ya ƙara miki lafiya. Na ɗauke kwalbar, folic acid ɗinta kuma tana ci gaba da sha kamar yadda aka ce. Saura kakarta. Da kuɗin ƙosanta take sayen maganin nan, duk wata ta kawo da murnarta, ban san da wane baki zan ce mata a daina ba.

Alhaji Bappa, Kumo:
Kada ki ce mata maganinta ya yi illa, zai ƙona mata rai. Ki bar mahaifin yarinyar ya faɗa mata, ɗanta ne. Ya ce likita ya canza magani, kuma akwai gwajin da za a sake, in tana so ta sa hannu a kuɗinsa.

Likita A'isha:
Ranar da za ku koma, ki rubuta kwanan watan kowace leda a takarda ɗaya, har da waɗanda aka sa mata a wasu asibitocin, ki tafi da kwalbar ma ya ga abin da ke ciki. Ki gaya masa kwana biyar da sallama aka ɗebi jinin farko.

Maman Ummi, Pantami:
In sha Allah. Akwai guda biyu da aka sa mata a Bauchi lokacin bikin ƙanwata, ba sa cikin katin nan. Da su 16 ke nan.